Ranar da Muka Shigar da Uwar Ɗan Takara Rauda

Har gobe ban manta da wata safiya a ƙarshen shekarun casa'in ba, lokacin ina shugabar masu rakiyar mata a wani masaukin baƙi a unguwar Anbariyya, cikin birnin Annabi (SAW). Aikinmu kai mata Harami, mu dawo da su lafiya.

Aka saukar mana da wata tsohuwa, Ummu Samir, 'yar asalin Labanon mazauniyar Ostireliya. Ni da sai da na aurar da 'yata na fara riƙe alƙalami, sai da na tambayi ko Ostireliyar tana kusa da Turkiyya. Ta ce ɗanta Samir ya fara da tuƙin tasi, ya shugabanci ƙungiyar direbobi, ya yi kansila. A ranar nan jam'iyyarsa za ta fid da wanda zai nemi kujerar majalisar tarayya. Safiyarmu yammacinsu ce, ta kuma rantse sai ta yi masa addu'a a Rauda kafin a rufe ƙuri'a.

Ga ƙa'idar, ku sababbin masu rakiya. Rauda, wurin nan tsakanin kabarin Annabi (SAW) da mumbarinsa, ɗan lokaci ake buɗe wa mata. Ƙasa-ƙasa ake zaunar da su, a riƙa tayarwa rukuni-rukuni. Ostireliya kuwa ba ta da rukuni, Larabawa kuma sun riga sun shige.

Mudir, wato manajan masaukinmu, ya ce, "Ya Hajiya Talatu, bari sai bukra."

Na ce, "Ustaz, gobe addu'ar me za ta yi? Ta jaje?"

Na ja hannun tsohuwar sai Harami, har tsakiyar matan Najeriya. Wata Bakanuwa ta harare mu.

"Wannan farar kuma daga wace jiha?"

"Uwar ɗan takara ce, yau ake zaɓensa."

"Kai! Ba ki faɗa da wuri ba? Mata, a buɗe!"

Wallahi ban ga irinsa ba. Da aka tashe mu suka sa ta a tsakiya, suka riƙe hannuwa suka yi mata katanga har ta yi raka'a biyu babu wanda ya taka ta. Wata 'yar Zariya tana tambaya, "Wace jam'iyya ce?" Bakanuwar ta ce, "Ina ruwanki, ce amin!"

Bayan Azahar wayar masauki ta yi ƙara. Samir ne. Ya samu tikiti! Tsohuwa ta saki wayar tana lilo, ta rangaɗa guɗa irin tasu, ni na amsa da tamu, har mudir ya fito a guje yana zaton gobara ce.

Abin da na koya, baƙuwa ba ta san ƙofa ba, ke kika sani. In lokacinta ya matse, kar ki kai mata "sai gobe". Nemo mata mutane.