Shekarar da Munka Noma Kanwa

Kakanmu ya bar mana gonaki biyu a ƙasar Isa. Ɗaya tana can cikin daji, wajen hanyar Kamarawa, jigawa ce mai albarka wadda ba ta taɓa ba mu kunya ba. Ɗayar tana bayan gari, wani kwari mai farar ƙasa inda jakunan unguwa ke zuwa lasar kanwa. Ita wannan ba a kiranta gona sai ranar rabon gado.

Shekarar da mutanen daji sunka hana kowa yin nisa da gari, kwarin nan ya zama shi ne abin da muke da shi. Ni a lokacin ina koyar da ilimin noma a wata sakandare a Sabon Birni, wato ina noman allo da alli, amfanin da fari bai taɓa kashewa ba. Yayana shi ke riƙe da gida, da Innarmu, da iyalinsa. Da anka yi hutu na dawo mu yi damina tare.

Tun ranar shuka ya faɗa mini matsayinsa. In gonar bayan gari ta mutu, za shi gonar daji, komai ta fanjama fanjam. Waɗanda sunka yi irin wannan tafiya a shekarar, wasu sun dawo, wasu addu'a anka yi musu. Saboda haka aikina a wannan damina ya zama ɗaya: shuka ta tsaya da rai, ko yaya ne, don Yaya ya zauna gida.

Na ce mu yi shuka a kafaɗar kunya, mu bar samanta, domin in rana ta tsotse danshi, a can sama gishirin ke taruwa. Munka zuba ƙaiƙayi da kashin awaki. Dawa ta shiga inda ƙasa ta fi fari, gero ya tsaya gefe.

"Malam, wanga a littafi kag gane shi, ko jakkai sunka gaya maka?" in ji shi.

"Yaya, duk malamai ne. Na jakkai dai sun fi daɗewa a makarantar."

Shuka ta fito, ta kai gwiwa, sai ruwa ya ɗauke. Hadari ya riƙa haɗuwa ta gabas yana watsewa kamar taron da babu abinci. Da hantsi sai gero ya naɗe ganyensa siriri kamar tsinke, dawa ta yi furfura, ganyen ƙasa ya soma bushewa daga baki. Yaya yana ganin haka ya ce gawa ce.

Na yi masa bayanin da nake yi wa ɗalibai, su ma ba saurara suke yi ba. Tsiro in ya ga rana ta fi ƙarfinsa, rage kansa yake yi. Ya naɗe ganye don kada iska ta kwashe ɗan ruwan jikinsa, ya tura saiwa ƙasa, ya sallama tsofaffin ganye, ya tara musu gishirin da ya sha su mutu da shi, don sabon tsakiya ya rayu. Dawa ma takan tsaya cik, ba girma ba mutuwa, ta jira. Alamar ita ce safiya. In ganye ya buɗe da sanyin asuba, da sauran rai.

Bai yarda ba. Ya ɗauki jarkoki ya riƙa jido daga rijiyar bakin gona, rijiyar da ruwanta zartsi ne, sabulu ma ba ya kumfa a ciki. Na ce masa ya tuna abin da ke faruwa in an barbaɗa gishiri kan yankakken yalo: ruwan ciki ne ke fitowa. Haka saiwa take, tana zaune cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa tana mutuwa da ƙishi. Ya ce shi bai taɓa jin inda ruwa ya kashe mai ƙishirwa ba. Layukan da ya shayar su ne sunka fara ƙonewa. Daga nan ya daina jido.

Kullum in mun fito masallaci da safe sai mu wuce kwarin, mu tsaya muna duban ganye kamar masu jinya. Ya buɗe, mu koma gida. Washegari ya buɗe, amma da ƙyar. Na gaji da wannan tafiya fiye da yadda noma ya taɓa gajiyar da ni.

Wata safiya gero bai buɗe ba. Na nuna masa dawa, na ce ga ta nan tana numfashi.

"Dawa ɗai za ta ciyar da ɗiyana? Za ni, Malam. Ko wake in jefa."

Inna ta tare shi a zaure. "Kak ka tai. Ni dai yunwa na sani, na iya da ita."

Ya durƙusa ya gaishe ta, ya saɓa kalmensa na noma ya fita. Ranar ba a ɗora tukunya da wuri ba. Ni na zauna ƙofar gida ina duban hanya, da dukan ilimina.

Bayan la'asar sai ga shi, ƙafafu duk ƙaya, wandon ya yage. Ba wanda ya gamu da shi. Ya sha ruwa, sannan ya ce sabara da geza sun cinye gonar, sun fi mutum tsawo, ko iyaka bai gane ba. Su fari bai dame su ba. Mutum guda ba ya sare su kafin damina ta ƙare.

Ruwa ya dawo bayan wasu kwanaki. Geron bai tashi ba. Dawar ta miƙe a hankali, ta fitar da kawuna ƙanana kamar dunƙulen hannun jariri, ta kai mu tsakiyar rani, daga nan sai awo a kasuwar Isa. Yaya bai ƙara ambaton gonar daji ba. Da bazara ta gabato na ga yana tara ƙaiƙayi a buhu.