Ruwan Kanwa a Tukunyar Baffa

Jiya da la'asar ƙamshin farfesun ƙafar sa ya tsallako katanga daga gidan maƙwabta, da daddawarsa da cittarsa, na tsaya da tsintsiya a hannu na kasa ƙarasa shara. Wataƙila kai in ka ji irin wannan ƙamshi yunwa ce take taso maka. Ni kuwa wani tsohon haushi ne yake taso min, wanda na girma har na yi jikoki bai huce ba.

Gidanmu yana Wudil, ba nisa da kogi. Duk Juma'a in kasuwa ta tashi, Baba yakan dawo daga kara, wato kasuwar shanu, da ƙafafun sa ɗaure da igiya. Asabar da safe Kaka, mahaifiyarsa, takan babbake su ta kankare, a sassara mata, ta zuba a wata baƙar tukunyar ƙasa da ta girmi Baba. Ba ta son wuta mai harshe. Ƙaiƙayi take tarawa da busasshen kashin shanu, ta binne gindin tukunyar a ciki, ta liƙe bakin murfin da ƙullu, wuta ta yi ta ci a hankali har rana ta yi sanyi. Ni ce 'yar hannunta. Ni nake jiƙa kanwa a ƙoƙo, in bari ta kwanta, in tsiyaye ruwan sama in bar dattin. In an fasa liƙin ni nake ɗanɗana gishiri. In an zo rabo kuwa, ƙashin ɓargo mafi girma nawa ne, ko yayyena maza ba sa kai masa hannu. Ba ɓargon ne kaɗai ya dame ni ba. Shi ne shaidar cewa a cikin jikoki ni ce ta Kaka.

A shekarun da kuɗin mai ya shigo ƙasa, kaya sun riƙa zuwa gidaje tun kafin a san me za a yi da su. Ba a daɗe da jawo wutar lantarki unguwarmu ba Baffa ya zo dogon hutu. Ƙanen Baba ne, yana aiki a Ikko, kuma bai jima da dawowa daga kwas a Ingila ba. Ya zo da 'yarsa, sa'ata, mai farar safa da Hausa mai tuntuɓe. Kaka ta raɗa mata 'yar Ikko. Tsarabar da ya kawo wa Kaka kuwa tukunya ce mai waya, bayanta ƙarfe da zanen furanni, cikinta tangaran, murfinta gilashi.

"Inna, kin huta da hayaƙi," in ji Baffa. "Ki zuba abu da safe, ki jona, ki tafi harkarki. Ba ta ƙonewa, ba ta kamu."

Kaka ta juya ta, ta leƙa gindinta, ta ce, "Tukunyar da ba ta kamu, ina yara za su sami ƙanzo?"

Na fi kowa dariya, don na ɗauka magana ta ƙare ke nan. Ashe tukunyar ta zo da ɗan littafi na Turanci, ni kuma a lokacin ko rubutun jikin gwangwanin madara ban iya haɗawa ba. 'Yar Ikko kuwa karantawa take kamar ruwa. Ga shi damina ta yi nisa, ƙaiƙayi ya jiƙe, kashin shanu ya ƙi bushewa. Kwana uku tsakani na ji Kaka tana kira daga ɗaki, na taso da gudu, sai na ji ta ce, "Ba ke ba. Ina 'yar Ikko? Zo ki gaya min me takardar nan ta ce." Na koma na zauna a kan turmi.

Daga nan ɗakin Kaka ya zama wurin kallo. Matan unguwa su shigo su durƙusa, su zura wa murfin gilashi ido, kowa da shawararta. Aka fara da wake, ya fito luguf ba a ƙara masa ruwa ba. Aka sa tsohon zakaran da ya gagari haƙori, ƙashinsa ya zare da kansa. Aka dafa alkama, aka dafa gujiya, aka yi farfesun kayan ciki. Ranar da aka sa tarwaɗa daga kogi tun safe, da yamma aka buɗe aka tarar da kunu da ƙaya, na yi farin cikin da ban yi ba ko ranar Sallah. Kuɓewa ma yauƙinta ya mutu, shinkafa ta caɓe. Amma duk wannan bai mayar da ni wurina ba. Kaka sai ta yi dariya ta dafa kan 'yar Ikko ta ce, "To malama, gobe kuma me za mu gwada?" Malama fa! Ni da na yi shekara uku ina shan hayaƙi ba a taɓa ce min malama ba.

'Yar Ikko ba ta da mugun hali, wannan ma yana cikin abin da ya fi ba ni haushi. Takan ba ni alewa, takan ce in zo ta nuna min hotunan littafin. In karɓi alewar in ƙi kallon hotunan. Dokoki biyu ta kafa wa tukunyar: ba a buɗe murfi, ba a kuma sa abin da littafi bai faɗa ba. Da Kaka ta tambayi batun kanwa, ta duba shafi-shafi ta ce, "Babu kanwa a ciki, Kaka. Kada a sa, tana iya lalata tukunyar." Na riƙe wannan magana a raina.

Sai ga saƙo cewa ƙanen Kaka zai zo daga Utai ranar Asabar. Tsoho ne da haƙoransa suka zube, kuma ba abin da yake kawo shi sai ƙafar sa ta yayarsa. Baffa ya ce wannan karon a tukunyarsa za a yi, kuma 'yarsa ce za ta haɗa. Na dubi Kaka ina jiran ta ce a'a, wannan girkin nawa ne da jikata. Ta ce, "To, Allah ya kai mu."

Ranar tun hantsi 'yar Ikko ta zuba nama da albasa da kayan yaji, ta rufe, ta ɗauko kujera ta zauna gadi. Ni kuma na zagaya bayan rumbu da ƙoƙona. Niyyata tukunyar ta tsage, ko naman ya lalace, a ji kunya a gaban baƙo, a dawo a neme ni. Amma ka ga wautar yaro: ban san wata hanyar sa kanwa ba sai ta Kaka. Na ɓalli daidai yadda take ɓalla, na jiƙa, na jira ta kwanta, na tsiyaye ruwan sama tas. Ko a raina bai zo ba in jefa dunƙule guda da ƙasarsa.

Kafin azahar hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge. Kowa ya fita kwashe shanya da tara bokiti a indararo, har da mai gadin. Na faɗa ɗakin, na ɗaga murfin, tururi ya doke ni a fuska, na juye ƙoƙon na rufe. Na wuni ina kasa kunne in ji ƙarar tsagewa. Shiru.

Bayan la'asar aka buɗe. Ban taɓa ganin ƙafar sa irin wannan ba, har yau. Fatar ta narke, romon ya yi kauri yana manne leɓe. Tsoho ya sa hannu ya kai baki, ya lumshe ido, ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri, yau an fi ki. Wace ce mai wannan hannu?"

Baffa ya turo 'yarsa gaba yana washe baki. "Ga ta nan, Kawu. Kuma ko ƙwayar kanwa ba a sa ba."

Kaka ta kurɓi romon. Ta riƙe shi a baki, ta haɗiye, ta ɗago ta dube ni ni kaɗai. Sannan ta tsamo ƙashin ɓargon nan, babban, ta sa a kwanon 'yar Ikko. Ina tsaye ina kallo ta buga shi a gefen kwano ta zuƙe, ba ta ma iya ba, rabi ya zube a ƙasa.

Da aka watse Kaka ta same ni a bayan rumbu ina kuka. Ba ta lallashe ni ba. Ta ce, "Awon nan na san shi, ni na koyar da shi. Ki je ki faɗa, ki karɓi yabonki da dukanki tare. In kin yi shiru kuma, kin huta da dukan, yabon ya zama nata." Ta tsaya tana jira. Na tuna bulalar Baba, na tuna yadda Baffa zai dube ni, na sunkuyar da kai. Ta juya ta tafi, kuma har ta koma ga Allah ba ta sake tayar da zancen ba. Bayan hutu ta ci gaba da kirana jiƙa kanwa, amma ɓargo daga ranar ya zama na duk wanda hannunsa ya riga kaiwa.

Yanzu irin tukunyar nan ta cika kasuwa, ƙaiƙayi kuwa ba mai girki da shi a cikin gari. Mu biyun duk mun yi furfura. Duk bikin da dangi suka haɗu sai 'yar Ikko ta ba da labarin ranar da ta fi Kaka iya girki, jikokina suna sauraro baki buɗe, ni kuma ina gyaɗa kai. Watan da ya wuce ta kira ni a waya ta ce, "'Yar'uwa, tukunya ta huɗu ke nan na saya, ƙafar sa ta ƙi yi min irin ta ranar nan. Ke da kika zauna da Kaka, me nake mantawa?" Maganar ta zo min har bakin leɓe. Na ce mata ta ƙara awa biyu.