Hannun Baba A-Hankali

Ƙarfe bakwai na safe Baba A-Hankali yake shiga ɗakin na'ura, ya tuɓe takalmi, ya rufe ƙofa kamar mai gudun tashin jariri. Sai ya zauna rabin awa bai taɓa komai ba. Baƙo zai ce lalaci ne. Ina! Jira yake ɗakin ya saba da ɗumin jikinsa, don ƙarfe yana miƙewa in ya ji ɗumi, na'urar nan kuwa ba ta yafiya.

Ta ganin ƙananan abubuwa ce, amma ba da ido take gani ba. Wata allura ce mai tsinin da ba ya ganuwa take laluben abu, farantin da ke ƙarƙashinta yana matsawa kaɗan-kaɗan. A raba kaurin gashi ɗaya gida dubu hamsin, to kashi ɗaya shi ne takunsa. Shekara ashirin da bakwai Baba ne ke saita farantin, shi ke ɗaura allurar. Har shugaban sashe ma Baba ya taɓa kora waje don ya shigo da kofin shayi, kuma sai da shugaban ya ba shi haƙuri.

Bara ne hotunan Dakta, mai binciken ƙwayoyin jini, suka fara fitowa duk zane-zane. Wata huɗu aikinta a tsaye. Aka ce girgiza ce, aka ɗora wa injin ruwa laifi, aka ɗora wa manyan motocin da ke wucewa. Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya, bai ga komai ba. Ran nan da safe matarsa ta ce masa cokali yana kaɗawa a jikin kofinsa. Ya ce ta cika sa ido, amma shayin nan bai ƙarasa shi ba.

Da ya je aiki ya ɗaura allura goma da hannunsa, ya sa Dakta ta ɗaura goma, bai gaya mata dalili ba. Nata duk lafiya. Nasa, shida tsininsu ya dakushe. Wallahi da ya yi shiru babu mai ganewa, motoci za a ci gaba da zagi. Ya kuma san in ya faɗa, shi da teburin na'urar nan sai kallo.

Ya miƙa mata hannunsa na dama ya ce, "Dakta, na gano inda girgizar take. Ga ta nan."

Idonta ya kawo ruwa. Ta roƙe shi su bar maganar tsakaninsu, ita za ta riƙa ɗaurawa a ɓoye.

"Haba 'yata," in ji shi, "shekara nawa ina hana ƙarfe yin ƙarya, sai ni zan yi?"

Da ƙafarsa ya je ya gaya wa shugaba. Wata shidan da suka rage masa kafin ritaya ya yi su a tsaye, hannuwa a baya, yana koyar da su da baki, yana faɗa in an yi garaje.

Baba, kai ne ka nemi kuskure ko'ina, da ka same shi a jikinka ba ka ɓoye ba. Jiya ka yi sallama da aiki, hoton Dakta ya fito tas, ka leƙa shi daga bakin ƙofa don kada ka taɓa tebur. Abin ya taɓa mana zuciya. Mun gode, Allah ya ba ka lafiya.

Mu kuma da muka rage, duk ranar da aikinmu ya ɓaci, in mun gama zargin inji da motoci, mu tsaya mu duba hannunmu.