Fasfona Ya Je Amurka

Ɗan ƙanen mahaifina ya tafi Amurka yawon hutu da fasfona a jakar matarsa, ya bar ni a Riyad ina gadin gida, har aka kai 'yata ɗakin miji ban sa mata albarka ido da ido ba. Abin da ya yi min ke nan. Dangi har yau cewa suke ƙaddara ce. Ban musa ƙaddara ba, amma ta hannun mutum ta biyo, kuma na san mai hannun.

Likita ne. Na girme shi da shekara bakwai, ni nake goya shi a keke zuwa firamare a Funtuwa. Shi ya yi karatu, ni na tsaya a aji biyu na sakandare na faɗa tasha. Da ya samu aiki a Saudiyya sai ya aiko min da bizar direban gida. Ya zama kafilina, wato ba ni da ikon barin ƙasar sai da izininsa, fasfona kuma yana durowar ɗakin karatunsa tare da nasu. In mu biyu ne, Yaya yake ce min. In da baƙi Larabawa, sai in koma "sawwag", direba. Ɗakina na jikin katangar gidansu a unguwar Malaz, ƙofarsa titi take kallo. Shekara shida ina nan.

'Yata ita kaɗai gare ni. Uwarta ta rasu tana ƙarama, ƙanwata ta riƙe ta. Yaron da 'yar tawa ta kawo malamin makaranta ne, na yi magana da shi ta waya sau uku, na ji yana da kunya, na yarda. Aka sa rana, Asabar ta biyu bayan ƙaramar Salla. Na shiga kantunan Suwaidi na cika mata akwati da abaya da turare da zannuwan gado. Likita ya buga min izinin fita da dawowa, ya ce, "Yaya, ka je ka yi wata biyu."

Su kuma a shekarar Amurka suka nufa. Hajiya, matarsa, ta samo wani tsohon gari a jihar Bajiniya, wai an bar shi yadda yake tun zamanin da Ingila ke mulkin ƙasar. Ni sai ranar na ji cewa Bature ma ya taɓa mulkin Bature. Ta ce da safe yara su koyi tarihi, da yamma a kai su wurin lilo da wasan ruwa, don kada su ce an cuce su.

Ranar Alhamis da zan kai su filin jirgi, ina ɗora akwatuna na ce, "Likita, fasfon nawa fa?"

"Yaya, ka fiye gaggawa. Jirginka sai Talata. Yana durowa, ga makulli."

Juma'a bayan na sauko daga masallaci na buɗe durowar. Takardun makarantar yara ne da tsohon agogo. Na zazzage ta a ƙasa, na duba ta ƙasanta, na duba bayan kabad. Babu. Na jira gari ya waye a can, don mun riga su da awa bakwai, sannan na kira.

Na ji yana ce wa Hajiya ta duba jakarta. Ashe ta kwaso fasfunan ne a dunƙule, duk kore iri ɗaya, ta ɗaure da roba. Su biyar ne, fasfo shida.

"Subhanallahi. Yaya, wallahi kuskure ne. Akwai masu kai saƙo cikin kwana uku, gobe zan aiko maka."

Wannan kuskure na yafe shi tun a ranar. Kowa na iya yi. Abin da ban yafe ba shi ne goben.

Asabar ya ce sun riga sun yanki tikitin wurin wasan ruwa, yara sun tashi da kayan wanka a jiki. Lahadi ya ce ofisoshi a rufe suke. Litinin bai ɗaga ba. Amma hotuna ba su fasa shigowa wayata ba, don babbar 'yarsa tana turo min, da Larabcinta, ita ba ta san komai ba: "Ammu, shuf Baba!" wato "Baffa, dubi Baba!" Na duba. Ga Likita an sa kansa da hannayensa a turu, irin wanda ake ɗaure masu laifi a da, yana dariya har haƙoransa na baya sun fito. Ga Hajiya a keken doki. Ga wani Bature da doguwar safa da hula mai kusurwa uku yana ƙira a maƙera, kamar ba mu da maƙera a Funtuwa. Ga yaran cikin wani jirgin ƙasa na wasa da ke hawa sama ya kifo da mutane kai ƙasa.

Talata jirgina ya tashi ina shayar da shukokin Hajiya.

Wanda bai yi bazara a Riyad ba bai san shiru ba. Masu hali duk sun fita ƙasar. Layinmu ba kowa sai motoci lulluɓe da tamfol da ƙarar na'urar sanyi. Ka taɓa ƙofar ƙarfe ta ƙone ka. Daga Asuba zuwa Isha'i in na yi magana da mutum to mai kanti ne, ɗan Bangaladash, shi ma "kam?" da "shukran" ne, wato "nawa?" da "na gode". Ina ba kyanwar yara abinci, ita tana cikin sanyin falo, ni ina komawa ɗakina in zauna a gaban akwatin 'yata.

Laraba na same shi a waya. Na ce akwai jirgin Juma'a, in ya aiko yau ko da gudu zan riski kai amarya. Ina jin kiɗan ganga da sarewa a bayansa.

"Yaya, na yi tunani. In ya ɓace a hanya fa? Ka san wahalar sabon fasfo. Ko a ɗaga bikin mana."

"An raba goro, Likita. Mutane sun taso daga Gusau."

"To ai ko kana can ba kai za ka ba da ita ba. Baffanta ne waliyyi. Uba ai zama kawai yake yi."

Gaskiya ya faɗa, a wurinmu uba ba ya ba da 'yarsa da bakinsa, ɗan'uwansa ke bayarwa. Amma ya san abin da ya tsallake. Kafin a fita da amarya ana kawo ta gaban mahaifinta, a lulluɓe, ta durƙusa, ya yi mata faɗa, ya dafa kanta. Shekara shida ina tuƙi ina shirya abin da zan ce mata. A danja nake gyara maganar, a ƙofar makarantar yara ina jira nake ƙara mata. Zaman da yake rainawa, shi kaɗai ne rabona a bikin.

Juma'a na tafi unguwar Gubaira, wurin wasu 'yan Maraɗi masu gyaran mota da muke cin tuwo tare. Babbansu, wani dattijo mai walda, ya ji labari ya ce, "Kai dai fasfonka ya fi ka sa'a. In ya dawo ka tambaye shi labarin Amurka." Aka yi dariya, ni ma na yi. Da zan tafi ya rako ni bakin titi, ya riƙe hannuna har motar haya ta tsaya.

Ranar Asabar da la'asar ɗin gida, nan ana kiran Magariba, ƙanwata ta kira ta ce, "Ga ta nan, an kawo ta ɗakinka." Ɗakin da ba na ciki. Ta kara mata wayar a kunne. Ina jin guɗa, ina jin mata na cewa a yi sauri motoci na jira. Na ji numfashinta. Ta ce, "Baba." Duk abin da na tara ya gudu. Na ce, "Ki yi haƙuri. Ki yi haƙuri da mijinki." Sai layi ya fara yankewa, ina "kina ji na?", tana "Baba, ba na ji." Wata mata ta karɓe wayar ta ce, "Alhaji, sai an jima, za mu wuce." Na zauna da wayar a hannu har aka idar da salla a masallacin layi ban tashi ba.

Bayan sati biyu na ɗauko su a filin jirgi. Na yi musu sannu da zuwa, na ɗora kaya, na tuƙa. Washegari da hantsi ya kira ni falo. Ya sa an kawo shayi. Ya miƙo min leda, ciki akwai hular nan mai kusurwa uku da kofi mai hoton igwa.

"Tsarabarka, Yaya. Yaya biki? An ce ya yi kyau."

Bai jira amsa ba. Ya shiga ba ni labari. Ya ce a garin nan an kai su bayan wani babban gida, inda bayi suke kwana a da. Wata baƙar mata, ma'aikaciyar wurin, ta sa kayan bayi tana magana kamar ita ce baiwar. Ta nuna musu 'yar takarda, ta ce a zamanin bawa ba ya taka waje sai da rubutun ubangidansa, ko da wurin ɗan cikinsa za shi a gonar da ke kusa.

"Wallahi Yaya, sai da na yi hawaye. Na ce wa yara ku duba abin da aka yi wa kakanninmu. Mutum da ɗansa, sai da takarda!"

Fasfona na kan tebur kusa da butar shayi, robar Hajiya na jikinsa. Na sa hannu na ɗauka, na sa a aljihun gaba. Na ajiye masa hularsa a inda fasfon yake.

Na ce, "Likita, ka sha wahalar banza. Ka haye teku da mata da yara don ka ga mutumin da ba ya zuwa wurin ɗansa sai da takarda, alhali yana ɗakin bakin ƙofarka. Ita matar da ta sa ka kuka, in an tashi aiki cire kayan take yi ta tafi gida wurin 'ya'yanta. Ni kwana takwas ina roƙon ka rabin awa, ka ce yara na wanka. Na goya ka a keke, ban taɓa ce maka gobe ba. Ka buga min izinin fita ba dawowa, yau, ina tsaye. Kuma daga yanzu ka riƙa ce min sawwag ko mu biyu ne. Shi ne gaskiyar."