Mutumin da Ke Tsaye a Ƙetaren Gulbi Cikin Wayar Yayana

Ni ba na cikin masu cewa wasan waya aikin shaiɗan ne. Ina da shagon ɗinki a Gwadangaji, kuma duk wanda ya san sana'armu ya san akwai lokacin da za a ɗauke wuta, ko rana ta take babu mai leƙowa, ka zauna kai da keke kuna kallon juna. A irin wannan lokaci nakan ciro waya in yi ta wasan jera lemo da kankana suna fashewa. Mijina yakan ce ɓata caji ne. Ni kuma in ce shi ma kallon ƙwallon da yake yi bai taɓa kawo cefane ba.

Wanda ya fi kowa raina abin shi ne yayana, manomin shinkafa a fadamar Argungu. In ya shigo Birnin Kebbi ya tarar da samari sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna ihu, sai ya taɓe baki ya ce, "Ku dubi ƙattai, babban yatsa kaɗai ke aiki jikinsu."

Sai shekarar da gulbi ya cika ya tumbatsa. Shinkafa ta riga ta nuna, wasu har sun fara yanka, ruwa ya zo ya shafe komai. Yaya ya tsira da ransa da rigar jikinsa. Maƙwabcin gonarsa, wani dattijo da suka yi shekara da shekaru suna raba kunyar gona ɗaya, ya shiga kwalekwale don ya kwaso dammunan da ya yanka. An ga kwalekwalen daga baya a kife. Masunta sun yi ta nema, ba a ga mutumin ba.

Bayan an yi zaman makoki, na matsa wa Yaya ya zo wurinmu ya huta. Ya zo, amma ba shi ne na sani ba. Ya daina tsokana, abinci sai an yi da gaske. Da safe yakan biyo ni shago ya zauna a benci yana kallon masu keke napep suna wucewa.

Maƙwabciyata a layin shaguna 'yar kudu ce, tana sayar da caja da murfin waya, ta daɗe a garin har Hausarta ta fi ta wasu 'yan gida. Ita ce ta tausaya masa. Ta karɓi wayarsa ta sa masa wani wasa na noma, ta ce, "Baba, ga gona nan. Wannan ruwa ba ya cinye ta."

Na zaci zai ji haushi. Sai ya karɓa yana kallo.

Wasan ba wani abu ba ne. Fili ne kore, kana shuka kana girbi, kaji na yawo, ga rumbu a gefe, mutane na zuwa bakin gona su sayi abin da ka noma su tafi. Daga gefen dama akwai gulbi shuɗi da aka zana don ado, ba a shiga, ba a ƙetarewa. Kwana kaɗan Yaya ya iya. Har dariya ya fara yi. Ya ce duk wanda ya ƙirƙiri wasan bai taɓa riƙe fartanya ba, ina aka taɓa ganin shinkafa ta nuna kafin a gama shan shayi, kuma babu tsuntsu babu ciyawa? Duk da haka ba ya ajiye wayar. Ni dai na ji daɗi, don ya koma cin abinci.

Wata rana bayan azahar ina yanka yadi, ya kira ni a hankali.

"Ƙanwata, zo ki duba. Mi wanga mutum ke jira?"

Na leƙa. A ƙetaren gulbin, inda babu komai sai ciyawa, akwai wani ɗan mutum a tsaye. Sauran mutanen wasan ba sa zama wuri ɗaya, kullum suna tafiya suna ɗaga hannu. Shi wannan ba ya motsi. Yana fuskantar gonar, hannuwansa a baya.

Na ce, "Ado ne, Yaya. Haka suka zana shi."

"Jiya babu shi."

Na taɓa shi da yatsa, ba abin da ya faru. Muka kai wa maƙwabciyata. Ita ma tana da wasan a tata wayar, har ta wuce Yaya nisa. Ta buɗe nata, ƙetaren gulbi fayau. Ta juya wayar Yaya, ta kashe ta kunna, mutumin na nan. Ta ɗaga kafaɗa ta ce irin waɗannan wasanni sukan yi kuskure, wani hoto ya maƙale inda bai kamata ba. Bayanin ya gamsar da ni, har muka fito.

A bakin shago Yaya ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Haka shika tsayawa in shina kallon shinkahwa tai. Hannu baya."

Na san wanda yake nufi. Rana ce tsaka, ana ta hayaniya a titi, mai rake yana kiran ciniki, amma sai da tsikar jikina ta tashi.

Na ce ya goge wasan. Ya ce a'a. Mijina ya ce damuwa ce, duk wanda ya ga abin da Yaya ya gani zai iya ganin fuskar mamaci ko a jikin bango. Na yarda da wannan ma. Abin da na kasa warwarewa shi ne, ni ma da idona na ga mutumin, kuma ban taɓa sanin dattijon ba balle in ce zuciyata ce ta zana shi.

Tun daga nan salon wasan Yaya ya canja. Ya daina sayar wa masu zuwa bakin gona. Ya ware kunyoyin da ke daf da gulbin, ya shuka shinkafa, ta nuna, ya ƙi girbewa. Ya bar ta tsaye. In na tambaye shi sai ya ce ba tashi ba ce. Ba ya firgita, ba ya sambatu, sallarsa ba ta wuce shi. Natsuwar tasa ce ma ta fi ba ni tsoro. Nakan saci kallon wayar in na wuce ta bayansa, kuma a ganina mutumin yana matsowa kusa da ruwa. Ban tabbata ba. Abu ne ƙarami kamar ƙwayar wake, kuma ba na son in ƙura masa ido.

Ranar wata Alhamis da hantsi ya miƙo mini wayar. Ƙetaren gulbi babu kowa. Har na fara hamdala, sai ya nuna mini da farce. Mutumin yana wannan gefen, a cikin gonar, tsakiyar shinkafar da aka bari, hannuwa a baya.

"Ya ƙetaro," in ji Yaya. Ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya sauke kaya. "To, alhamdulillahi. Gobe in Allah ya so ni tahi gida."

Haka kuwa aka yi. Ya koma Argungu, ya bar mini wayar, ya ce ƙaramar wayarsa mai maɓalli ta ishe shi. Da ruwa ya janye ya ari injin ban ruwa ya yi noman rani, ya haɗa gonarsa da ta dattijon ya nome, ya kai wa iyalin mamacin nasu rabon. Har yau yana nan lafiya, ya koma tsokanar samari masu waya kamar ba shi ba.

Wayar ta daɗe a cikin durowar keken ɗinkina tare da zare da allurai. Sai bayan watanni na yi ƙarfin hali na sa mata caji. Da na buɗe wasan ya ce sai an sabunta shi, na bar shi ya sabunta. Komai ya sauya. Launuka sun ƙara haske, an sa gada a kan gulbin, shinkafar tana nan tsaye, amma babu kowa a cikinta. Na duba gefe da gefe, na ji wani sanyi a raina, na kira Yaya na gaya masa cewa ashe maƙwabciyata ce da gaskiya, kuskure ne, ga shi sun gyara.

Ina jin ƙarar injin ban ruwa a bayansa.

Can ya ce, "Kin duba bayan rumbu?"

Na ce ban duba ba.

"To, bar shi," in ji shi. Ya shiga tambayata yara da mai gida.

Da muka gama magana na kashe wayar na mayar da ita durowa. Wata mata ta shigo da atamfa tana son a yi mata ɗinki kafin Juma'a, na tashi na ɗauko tef na gwada ta.