Ikrama da Shafin Sanarwar Rasuwa

Ikrama ɗan Maraɗi ne mazaunin garin Germantown a ƙasar waje, aikinsa rubuta manhajar da ke tafiyar da shafukan intanet. Ya iya aiki, wannan ba a hana shi. Amma kai, bakinsa ya fi hannunsa sauri nesa ba kusa ba.

Ƙungiyar 'yan Nijar mazauna garin tana da wani ɗan shafi da wata 'yar ƙungiyar, Furera, ta haɗa da harshen kwamfuta na PHP tun 2007. Muni kam ba a magana, amma da zarar an sa sanarwar rasuwa, sai ya tura wa kowa saƙo a waya. Direbobin tasi su juya mota, masallaci ya cika.

Da Furera ta haihu aka damƙa wa Ikrama shafin, sai ya yatsina fuska. "PHP? Haba jama'a, ku kaɗai kuka rage!" Shi da a cikin harsunan kwamfuta bara Ruby yake yabo, bariya Python, bana kuma Node. A wurin suna zai tsare dattijai, shinkafarsu tana hucewa, yana bayanin cewa Node yana ɗaukar mutum dubu goma lokaci guda, nan da shekara biyar ba wanda zai tuna da sauran.

Furera ta ce, "Ikrama, mu ɗari uku ne fa." Ya ce ba ta da hangen nesa.

Wata Asabar gogan naka ya sauke tsohon shafin, sabon ko rabi bai kai ba. Wai a kwana biyu zai gama. Aka kwashe sati uku.

Ran Talata Haoua ta rasu, matar Malam Hamidou, dattijon da ya ba Ikrama ɗaki farkon zuwansa ƙasar. Malam Hamidou ya buga masa waya: "Ɗana, ka sa a shafi. Jana'izar gobe ce bayan azahar."

"To, Baba," in ji Ikrama. Girman kai ya hana shi cewa babu shafi. Maimakon ya ɗauki waya ya kira mutane ɗaya bayan ɗaya, sai ya duƙufa kan kwamfuta, wai saura ƙiris. Wannan sakarci da me ya yi kama?

Mutum tara suka zo. Malam Hamidou ya roƙi liman sau biyu a ɗan jira, idonsa na kan wurin ajiye motoci. Bayan an sallaci gawa, ya kama hannun Ikrama.

"Ɗana, ko mun yi wa mutane wani laifi ne?"