Baba Kallamu da Hanyar Gonar da Ya Ce Ya Manta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyar ga Afrilun 2025, mako biyu da 'yan kwanaki bayan ƙaramar Salla, ina tsakiyar buhunan wake a Dawanau aka kira ni a waya, aka ce Allah Ya karɓi ran Baba Kallamu Madu na ƙauyenmu Tudun Gawo, a ƙasar Ɗambatta. Ya cika da hantsi a zaurensa, bayan kwana uku yana fama da ciwon ƙirji. Shekarunsa tamanin da 'yan kai.

Baba Kallamu, na san da kana nan cewa za ka yi, yaushe ɗan Fulani ya bar sanda ya kama alƙalami? Kai Babarbare ne, fatauci ya kawo kakanninka daga Borno suka zauna. Mahaifina, Malam Sama'ilu, Bafillace ne, katanga ɗaya ta raba gidajenku. Shekara sittin ban ji an ce kun taɓa gaisawa babu tsokana ba. Ko a masallaci, da an sallame sai ka leƙa ƙafarsa ka ce ta shigo da kashin shanu.

Kai mutum ne da ba ya iya yin alheri kai tsaye, sai ka lulluɓe shi. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, gida-gida ka bi kana ƙorafi wai dawarka ta fara ƙwari, a taimaka a rage maka ita kafin ta lalace. Mu muka ci dawar nan, ko ƙwaro ɗaya babu. Igiyar rijiyar unguwa kuwa, duk sanda ta tsinke sai a wayi gari da sabuwa, kai kuma ka fi kowa tambayar wanda ya sa ta.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ka yi wa mahaifina, kuma sai na fara tona wa kaina asiri.

A bazarar bara rayuwa ta yi tsanani. Mai ya yi tsada, takin zamani ya gagari talaka, kowa ya koma wa takin gida. Wannan kuwa ya yi wa Baba, wato mahaifina, daɗi, don aikinsa ne tun yana saurayi. Da sassafe zai cika mangala ya ɗora wa jakinsa, ya bi shi har gona, yana tafe yana gaisawa da duk wanda ya gani. Wata rana a motar Kano na ji wani fasinja, bai san ina baya ba, yana cewa yunwa ta kai 'ya'yan Sama'ilu sun bar tsoho yana bin jaki. Kunya ta kama ni kamar in nutse. A makon nan ni da ƙanena Basiru muka sayar da jakin, muka ɓoye fartanya, muka sayo wa Baba kujera mai taushi da rediyo, muka ce ya huta. Mutane suka yi ta sa mana albarka, mu kuma muna ta hura hanci.

Wata huɗu kacal Baba ya zama wani mutum daban. Ya daina hira. Zai tambayi ranar da ake ciki sau uku kafin azahar. Ya kira matata Larai da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun ina yaro. Ranar da ya tsaya a tsakar gida da buta a hannu, bai san ko ya yi alwala ko bai yi ba, tsoro ya shige ni sosai. Muka kai shi asibiti. Ma'aikaciyar ta auna shi ta ce jininsa ya hau. Ta ce gigin tsufa ba a san masa magani ba, amma yawan zama da kaɗaici da hawan jinin da ba a kula da shi ba suna iya jawo shi kusa, don haka a bar shi ya riƙa tafiya yana shiga mutane. Muka karɓi ƙwayoyin, muka bar shawarar a can, don har lokacin maganar fasinjan nan ta fi ƙarfi a kunnenmu.

Sai ga ka wata safiya da damina, ka shigo kana dube-dube, hula a karkace. Ka ce wa Baba, "Sama'ilu, na fito zan je gonata ta bakin fadama, hanya ta ɓace mini."

Baba ya ɗago kai. Rabon da in ga haƙoransa an yi watanni. Ya ce, "Allahu akbar! Babarbare ya ruɗe. Ku miƙo mini takalmina kada ya faɗa rijiya."

Ba mu iya hana shi ba, don wa zai hana mutum taimakon maƙwabcinsa? Tun daga ranar, kullum sai ka manta wani abu. Yau hanyar gona, gobe sunan mai gonar da ke gabas da taka, jibi inda gamba ta raba iyakarka da ta maƙwabci. Baba na gaba kana baya, yana nuna maka da sanda, yana kawo sunan mai gona da na ubansa da shekarar da aka raba musu gado, kai kuma kana musu da gangan don ya ƙara bayani. In kun dawo sai ku zauna dara a gindin gawo, ka yi ta ɓata wasa yana gyara maka. Har ƙwayar hawan jininsa ka sa ya daina tsallakewa, don ka ce shi zai riƙa tuna maka taka, ku sha tare.

Abin bai zo maka a banza ba. Labari ya bazu cewa Kallamu ya gigice. Kai da ba a ɗaura aure ko a yi sulhu sai kana wurin, aka daina kiran ka. 'Yarka Rahmatu ta zo daga Gezawa tana kuka, ta kawo rubutu da jiƙe-jiƙe, ka kuwa shanye su tas kana yamutsa fuska. Ni kaina na tausaya maka, har na ce wa Basiru ga abin da rashin hutu ke jawowa.

Da kaka asirinka ya tonu. Na same ka a kasuwar Ɗambatta kana yi wa wani baƙo kwatancen garinsu matarsa, ƙauye bayan ƙauye, da sunan kowane mai unguwa, babu gargada. Muka haɗa ido. Ka ja ni gefe ka ce, "Ɗan Fulani, ka rufa mini asiri." Nan ka ba ni labarin mahaifiyarka Fanna, yadda kuka raba ta da sana'ar ƙuli-ƙulinta don ku hutar da ita, yadda ta ƙare ba ta gane ka ba, tana tambayar ka ko ka ga ɗanta Kallamu. Ka ce, "Ban sani ba ko zaman ne ya jawo mata, Allah ne masani. Amma ba zan zuba ido in sake gani ba." Na ce to mutuncinka fa? Ka ce mutuncin da ba zai tashi aboki daga kujera ba, a kai kasuwa.

Ba zan ce Baba ya warke ba. Har yau yakan nemi carbinsa alhali yana wuyansa. Amma ya dawo cikinmu, yana ci, yana dariya, yana faɗa, ya san kowa da sunansa.

Ranar addu'ar uku, bayan mutane sun ragu, na ga ya kamata Baba ya san gaskiya. Na durƙusa na fara kame-kame. Ya katse ni ya ce, "Khalilu, tun ranar farko na sani. Mutumin da ya manta hanya ba ya kauce wa ƙaya tun kafin ya kai gare ta. Na ga ya ɗauko abin da zuciya ɗaya, na ce bari in raka shi." Ya yi dariya har hawaye suka zubo, daga nan kuma hawayen suka ƙi tsayawa.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne wa zai fitar da shi yanzu. Washegari da safe na ga ya sa takalmi ya ɗauki sanda, na bi shi daga nesa. Ya tsaya a ƙofar Malam Ɗanliti, wani dattijo da 'ya'yansa suka zaunar tun bayan girbi, ya yi sallama. Na ji yana cewa, "Ɗanliti, fito ka nuna mini hanyar gonata, ta ɓace mini." Wallahi, Baba Kallamu, ban sani ba ko aikinka ya gada ko da gaske yake. Ban tambaya ba. Na tsaya har na ga sun wuce masallaci su biyu suna musu.

Allah Ya jiƙan ka, Baba Kallamu. Idan abin da ka yi ƙarya ne, Allah Ya yafe maka ita, Ya saka maka a kan niyyarka. Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya ba ka ikon amsa tambaya ba tare da mantuwa ba, Ya sada ka da mahaifiyarka Fanna a Aljannar Firdausi, inda za ta gane ka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Iya Hamsatu, wadda ta san komai ta riƙe bakinta, da Rahmatu da Uwaisu da sauran 'ya'ya da jikoki, da jama'ar Tudun Gawo baki ɗaya, da kuma mahaifina. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya bar mu da hankalinmu har ranar da za mu cika da imani. Amin.

Khalilu Sama'ilu, Tudun Gawo